Kilomita 109 a Kan Keke: Yadda Na Shiga Tseren Cape Town

Kusan kowace shekara, ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, hukumomin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sukan rufe manyan tituna, su hana motoci bi, su bar wa masu keke hanya tun duku-duku har rana ta karkata. Sunan tseren a takarda Cape Town Cycle Tour, amma ɗan gari "Argus" zai ce maka, sunan jaridar da ta daɗe tana ɗaukar nauyinsa. Tafiyar kilomita 109 ce. Ana tashi daga tsakiyar birni, a zagaye zirin ƙasar nan da ya kutsa cikin teku ta kudu, a dawo ta ɗaya gefen. A shekarun da aka fi cika, mutum 35,000 ake ba lamba, kuma kowane ɗaya ana ɗaukar lokacinsa shi kaɗai.

A 1978 aka fara. Wasu mutum biyu, Bill Mylrea da John Stegmann, suka kira hawan keke na gayya don su nuna wa hukuma cewa masu keke suna da yawa, kuma suna bukatar hanyoyi nasu na kansu. Daga nan tseren ya samo asali, kuma mutum 525 suka yi rajista a karon farko. Abin da ya fara a matsayin koke shi ne yau ya zama ranar da birni sukutum yake miƙa titunansa ga mutumin da, a sauran kwanakin shekara, motoci ke matse shi a gefen kwalta.

Aiki ne ya kai ni Cape Town. Na sauka a unguwar Salt River, na sayi keke na hannu don zuwa wurin aiki, mai jikin alminiyum, ba sabo ba amma lafiyayye. A masallacin unguwa na saba da wani dattijo da ya haura shekara sittin, wanda kowa ke kira Boeta, yadda Musulmin garin ke kiran babban yaya. Shi ya ga kekena a jingine a bakin ƙofa ya tambaye ni ko zan shiga Argus. Na ce masa ina ganin ƙafata za ta iya. Ya ce, "Ƙanena, ƙafa kowa yana da ita. Ka iya tafiya a cikin mutane?"

Rajista ba ta da wuya. Ta intanet ake yi, watanni kafin ranar, a biya kuɗi, a cika bayanan lafiya da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai ƙaramin albashi, sai dai ribar tana tafiya ne ga ƙungiyoyi biyu da ke bayan tseren, Pedal Power Association da ƙungiyar Rotary ta Claremont, su kuma su zuba ta a ayyukan jinƙai da na kare masu keke a kan hanya. Musulmin da ke niyyar shiga ya duba kalanda tukuna, domin watan Maris yana haɗuwa da azumi a wasu shekarun. Tseren 2025 a cikin Ramadan ya faɗo. Nawa ya zo ne kafin azumi.

Abin da sabon shiga ya kamata ya gane tun farko shi ne rabon rukuni. Ba a sakin dubban mutane lokaci guda. Ana kasa su rukuni-rukuni bisa lokacin da kowa ya taɓa yi a wasu tseren da aka amince da su, masu gudu a gaba, masu bi a hankali a baya. Wanda ba shi da tarihi ko ɗaya can baya ake ajiye shi, ya tashi rana ta riga ta ɗaga, iska ta riga ta farka. Shi ya sa mutane ke shiga ƙananan tsere kafin babban, irin wanda ake yi a Durbanville a watan Fabrairu mai suna 99er, don su sami gurbi mai kyau. Ni ma haka na yi, aka sa ni a wani rukuni na tsakiya.

Atisaye kuwa, yawancinsa ba na ƙarfin cinya ba ne. Kowace safiyar Asabar da Lahadi, bayan sallar asuba, nakan bi Boeta da abokan hawansa. A nan na koyi abin da yake nufi. Wanda ke gaba shi ke fasa iska. Na bayansa, in ya matso har tazarar tayarsa da ta gaba ba ta wuce kamu ɗaya ba, yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe da shi kaɗai ne. Amma wannan sauƙin da sharuɗɗansa. Ba ka kallon tayar da ke gabanka, kafaɗun mutum kake kallo da abin da ke gaba da shi. Ba ka barin tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya, domin in ya ɗan kauce, kai ne a ƙasa. Ba ka damƙe birki farat ɗaya, sai dai ka daina juya feda ko ka ɗan ɗago ƙirji iska ta rage maka gudu. In ka ga rami, ka nuna shi da yatsa don na baya, tunda shi bayanka kawai yake gani. In za ka rage gudu, ka faɗa da baki. Sannan gaba karɓa-karɓa ake yi: ka ja na ɗan lokaci, ka kaɗa gwiwar hannu, ka zame gefe, na bayanka ya karɓa, kai kuma ka koma wutsiya ka huta. Wanda ya sha inuwar wasu tsawon hanya bai taɓa karɓar gaba ba, babu mai ce masa uffan, amma kowa ya gan shi.

Na daɗe kafin jikina ya yarda da wannan kusancin. Mutum yana gudun kilomita talatin da wani abu a awa, ƙashinsa da fatarsa suna hannun wanda ke gabansa, na bayansa kuma suna hannunsa. Amana ce tsantsa, kuma a ranar tsere da baƙin da ba ka taɓa gani ba za ka ƙulla ta.

Ana saura 'yan kwanaki na kai keken wurin mai gyara. Ya canja robar birki, ya sa sabuwar sarƙa, ya daidaita giya, ya ɗaure sifok ɗin da suka saki. Daga nan na tafi babban filin wasa na Cape Town, wanda aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2010, inda ake baje kolin kayan keke ana kuma raba lambobi. Ka nuna katin shaida, a miƙo maka ambulan: lambar da za ka maƙala a bayan riga, wadda za ka liƙa a keke, da takardar da ke ɗauke da rukuninka da lokacin tashinka. Akwai kuma 'yar na'urar da ke ɗaukar lokaci duk sanda ka ratsa shimfiɗar da aka ajiye a kan hanya. Ba hular kwano, ba hawa. Wannan doka ba a sassauta ta ga kowa.

A wannan makon hirar garin ɗaya ce, iska. Akwai wata iska da ke busowa daga kudu maso gabas a lokacin zafi, suna kiranta Cape Doctor. In ka ga farin gajimare ya kwanta a saman dutsen Table Mountain yana zubowa ta gefe, to ta iso. Ba tsoron banza mutane ke yi ba. A 2017 an soke tseren gaba ɗaya da safiyar ranar, bayan iska ta riƙa fizge kekuna daga hannun masu su a wurin tashi, ga gobara a Hout Bay, ga zanga-zanga a wani sashe na hanyar. A 2015 gobarar daji ta sa aka rage shi zuwa kilomita 47. A 2002 zafi ne ya sa aka tsayar da shi ana tsakiyar tafiya. Daren Asabar na jera kayana: gorar ruwa biyu, tif na ko-ta-kwana, ƙaramin famfo, dabino, ayaba, da ƙananan dankalin turawa da aka dafa da gishiri, wanda mahaya a can suka ɗauka guzuri. Hasashen yanayi ya ce iska za ta busa, amma ba mai hana tafiya ba.

Na yi sallar asuba, na ci abinci mara nauyi, na hau keke zuwa cikin gari. Tun daga Woodstock tituna suka cika da jajayen fitilu masu ƙyaftawa, kowa ya nufi wuri ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da gaisuwa. Filin Grand Parade ne matattara. A gefe ɗaya ga tsohuwar ganuwar da Turawan Holan suka gina a ƙarni na 17, a ɗaya gefen ga zauren birni, wanda daga barandarsa Nelson Mandela ya yi wa jama'a jawabi ranar 11 ga Fabrairu, 1990, ranar da aka sake shi daga kurkuku. Cikar filin ta tuna mini da filin Idi, sahu bayan sahu, kowa da adonsa, kowa yana jiran a tayar.

An kewaye kowane rukuni da shinge, ana duba lambarka kafin ka shiga. A nan mutum ke ganin su wane ne ke hawan wannan tsere. Ga mai keken da kuɗinsa ya fi na ƙaramar mota, ga mai tsohon keken ƙarfe da ya sha fenti. Ga uba da 'yarsa a kan keke mai sirdi biyu. Ga makaho a sirdin baya, mai ido yana riƙe masa kai. Ga wanda ƙafafunsa ba sa aiki, yana kwance a kan keken da ake juyawa da hannu. Ga masu rigunan gidajen marayu da asibitoci, suna hawa don tara musu gudummawa. Ƙwararru sun tashi tun gari bai gama wayewa ba, kuma kafin rukunonin ƙarshe su bar filin, su sun kusa gamawa. Boeta yana wani rukuni a bayana. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka ƙarar da ƙarfinka kafin hawan Smitswinkel. Allah ya kiyaye hanya." Na ce, "Amin, Boeta."

Shinge bayan shinge muka riƙa matsawa gaba. Da muka iso layi, mai sanarwa ya ce kowa ya ce "Hopla!", muka amsa da murya ɗaya, aka ƙirga, aka sake mu. Ƙarar ɗaruruwan takalma suna maƙalewa a feda lokaci guda ita ce abin da na fara ji.

Babu ɗumama jiki. Nan take hanya ta fara hawa a titin Nelson Mandela Boulevard, tashar jiragen ruwa a hagu, dutse a dama. Filayen da ke kwance tsakanin titin da dutsen su ne District Six, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta Turawa zalla a 1966, ta kwashe mutum fiye da 60,000 ta rushe gidajensu. Na sha wuce wurin a mota. A kan keke, a tsakiyar titin da ba a taɓa bari na taka ba, na fi ganin girman filin. Mutane da yawa suna tashi tsaye a kan feda suna wuce ni, jini yana tafasa. Na sa giya mai sauƙi na bar su.

Daga nan sai kwanar da ake kira Hospital Bend, a gindin asibitin Groote Schuur inda Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a 1967. Wurin yana da faɗi, yana da gangara, kuma rukuni bai riga ya watse ba, don haka a nan ake yawan faɗuwa. Gorar ruwan wani ta kuɓuce tana birgima a tsakiyarmu. Na gaba suka yi ihu, hannuwa suka nuna ƙasa, taron ya tsage biyu ya sake haɗewa, ba wanda ya taka birki. A ƙasar ana tuƙi ne ta hagu, don haka mai tafiya a hankali ya riƙe hagu, mai wucewa ya bi dama yana faɗa da baki. Kalmar da aka fi ji duk ranar ita ce kowa ya riƙe layinsa.

Muka wuce Jami'ar Cape Town, muka shiga inuwar itatuwan Newlands, sai ga Edinburgh Drive. Gajere ne amma a tsaye yake, kuma shi ne na farko da ke sa mutum ya ji numfashinsa. Mutanen unguwa sun fito da kujeru da kofin shayi a hannu suna tafi. Daga samansa aka gangara babbar hanyar M3, sashen da ake kira Blue Route, shimfiɗaɗɗe, a buɗe, kuma a nan iskar ta tare mu gaba da gaba.

Da ni kaɗai ne, wannan sashen zai cinye rabin ƙarfina. Sai wani ayari ya zo wucewa, mutum goma sha wani abu, wata mata mai farin gashi tana jan gaba. Na leƙa, na ga gurbi, na shige wutsiya. Nan take ƙarar iska ta ragu a kunnena, feda ta yi sauƙi, gudu ya ƙaru. Ba wanda ya san sunan wani. Matar ta kaɗa gwiwar hannu ta zame, wani saurayi ya karɓa, bayansa wani ƙaton mutum wanda zama a bayansa hutu ne sosai. Layi ya yi ta matsowa har ya zo kaina. Iskar da na tarar a gaba ta fi yadda na zata. Na sunkuya, na riƙe gudun da na tarar ba tare da na ƙara ba, domin wanda ya karɓi gaba ya fizga ya tsinka ayari ne. Da cinyoyina suka fara zafi na ba da alama na koma baya. Ƙaton nan ya ɗaga mini babban yatsa sa'ad da nake wuce shi. Haka muka yi ta juyawa har ƙarshen babbar hanyar.

A Muizenberg teku ya bayyana a hagu, gaɓar False Bay, layin dogo yana bin bakin ruwa, ga 'yan ɗakunan wanka masu launi-launi a St James. Titin ya ƙuntata a Kalk Bay, warin kifi ya taso daga tashar masunta, masu shaguna sun fito suna kaɗa ƙararrawa. Fish Hoek, Glencairn, sai Simon's Town, garin sojojin ruwa. Wannan sashen yana da daɗi har yakan sa a manta da ci. Boeta ya riga ya gargaɗe ni cewa wanda ya jira yunwa ya makara, don haka duk bayan ɗan lokaci nakan jefa dabino a baki in kurɓi ruwa. A wata tashar ruwa na tsaya na cika gora. 'Yan makaranta da 'yan sa-kai ne ke miƙa kofuna, ga masu tausa a gefe, ga makanikai, ga motar asibiti. Ayarin namu a nan ya watse, kowa ya kama gabansa.

Smitswinkel doguwar hawa ce, ba ta tsaya ƙyam ba amma ba ta ƙarewa da wuri, teku yana can ƙasa a hagu. Akwai alluna da ke gargaɗi kada a ba gwaggon biri abinci, domin yankinsu ne. A nan na fara wuce wasu daga cikin waɗanda suka fizge a farkon tafiya, kafaɗunsu sun zube, suna lilo a kan sirdi. A saman, kusa da ƙofar gandun Cape Point, hanya ta juya, iskar da ta yini tana dukan fuska ta koma baya tana turawa. Kusan rabin tafiya ke nan. Wanda ya iso nan da sauran ƙarfi, kilomitocin da ke biye kyauta ce aka ba shi. Muka zuba a guje ta cikin fili mai gajerun tsirrai, muka faɗa Scarborough da Misty Cliffs, inda Tekun Atilantika ke watso feshi mai sanyi har kan titi.

Sai Ocean View. Yara sun jeru a bakin hanya, hannuwa a miƙe don a tafa, wasu suna roƙon alewa ko gorar da ta ƙare. An kafa unguwar ne a ƙarshen shekarun 1960 don zuba mutanen da aka kora daga Simon's Town da kewaye bayan an ce yankin na Turawa ne. Boeta ya taɓa gaya mini cewa akwai danginsa a cikinsu, masunta da aka raba da teku. Kaɗan gaba kuma ga Masiphumelele, gidajen kwano a cunkushe. Raina bai kwanta ba a wannan wurin. Dukiyar da ke wucewa a kan taya biyu ta gaban yaran nan cikin awa ɗaya ta fi abin da unguwar ke gani a shekara. Na san ana kai wani kaso na kuɗin tseren irin waɗannan wurare, na kuma ga matasa daga unguwannin cikin rigunan ƙungiyoyin horar da mahaya, suna gudun da ba zan iya ba. Duk da haka ina ganin hakkin mai wucewa ne ya rage gudu, ya miƙa hannu, ya dubi fuskokin da suka fito dominsa. Na ba wani yaro ayabar da ta rage mini.

Bayan Noordhoek hira ta ɗauke. Kowa ya san abin da ke gaba. Chapman's Peak, wanda mahaya ke kira Chappies, hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe a 1922, kilomita 9 da kwana 114. Hawa biyu ce. Ta farko gajera, sai ɗan gangare da ke sa sabon shiga ya ɗauka an gama, sannan babbar. Dutse ja a dama, an lulluɓe shi da ragar ƙarfe saboda faɗowar duwatsu, wani wurin ma an yi wa titin rumfar kankare. A hagu kuwa ɗan gini ne da bai kai ƙugu ba, bayansa sarari, can ƙasa ruwa. Rana ta take, dutsen yana maido da zafi, iska ba ta shigowa. Daga kowace kwana kana hango ta gaba, da jerin mutane suna rarrafawa a kai. Na sa giya mafi sauƙi, na daidaita numfashi da juyin feda, ina salati a zuci. Wasu sun sauka suna turawa, sun riƙe hagu kamar yadda aka ce. Wani dattijo da ke gefena ya ce da ni in ɗaga kai in kalli teku, tunda na biya kuɗinsa. Na kalla. Ban taɓa ganin wuri mai kyan wannan ba, kuma da ƙafata na hau shi.

Gangarowa Hout Bay tana son hankali fiye da hawan. Hannuwa sun gaji, kwanoni a matse, mutane da yawa. Na riƙa latsa birki kafin kwana, ba a cikinta ba, na bar tazara. A wata kwana na ga ma'aikatan agaji durƙushe a kan wani, an jingine kekensa a gefe. Kowa ya rage gudu, aka wuce shiru.

Suikerbossie ba ta kai Chappies tsawo ba, kusan kilomita biyu ce, amma tana zuwa ne bayan mutum ya haura kilomita casa'in, kuma a miƙe take, kana ganin ƙarshenta tun daga gindi. A nan jama'a suka fi cika. Hagu da dama mutane ne, kiɗa, ganguna, masu fesa ruwa da tiyo, masu gudu a gefenka suna kiran lambarka. Ina tsakiyar hawa jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure tamau. Duk juyi ɗaya sai na ji kamar za ta tsinke. Gudu ya mutu, keken ya fara tangaɗi. Sai na ji tafin hannu a gadon bayana. Wani mutum ne daga cikin 'yan kallo, ba takalmi a ƙafarsa, yana gudu yana tura ni yana cewa, "Vasbyt, vasbyt!", wato in cije. Ya raka ni 'yan taku masu yawa, har jijiyar ta ɗan saki, sannan ya sake ni ya juya neman wani. Ko fuskarsa ban gani da kyau ba. Na zauna daram a sirdi, na matsa baya kaɗan, na bar ƙafar hagu ta ɗauki yawancin aikin har saman.

Daga nan saura kilomita goma sha biyar ko kusa da haka, yawanci gangare da shimfiɗa. Llandudno a ƙasa, duwatsun Twelve Apostles a dama, titi yana bin bakin teku. Na ci dankalin da ya rage, na shanye gora ɗaya, ƙafar ta dawo. Wajen Bakoven na tarar da wani matashi shi kaɗai, kansa a sunkuye, yana tafiya da ƙyar. Na wuce shi a hankali na nuna masa tayata ta baya. Ya gane, ya manne. Kafin Camps Bay mun zama biyar, domin duk wanda muka tarar sai ya shige layi. Na ja, wani ya karɓa, matashin ma da ya farfaɗo ya karɓi nasa. Muka ratsa Camps Bay da Clifton, unguwannin masu hannu da shuni, mutane a barandar gidajen cin abinci suna ɗaga mana kofi. Akwai 'yar hawa ɗaya a nan da ba a cika ambata ba, amma gajiyayyar ƙafa tana jin ta. Sai Sea Point, sai alluna suna ƙirga abin da ya rage, sai filin wasan nan da na karɓi lambata ya bayyana a Green Point.

Na ratsa shimfiɗar ƙarshe, na'ura ta yi ƙara, na ce Alhamdulillahi da ƙarfi. Ba a barin kowa ya tsaya a bakin layi, ana ta kora mu gaba cikin shinge, har inda aka miƙo mini lambar yabo da abin sha mai sanyi. Matashin nan ya riƙe hannuna da hannu biyu, muka rabu. Awa biyar da 'yan mintoci na yi. Awa bakwai ake ba kowa daga lokacin tashin rukuninsa, wanda ya gaza kuma akwai motocin da ke bin baya suna kwashe shi da kekensa. Masu ƙwazo a cikin gama-garin mahaya burinsu su sauka ƙasa da awa uku, ƙwararru kuwa wata duniya ce: a 2008 Robbie Hunter ya gama cikin awa 2 da minti 27 da daƙiƙa 29.

Na sami inuwa a kan ciyawa, na cire takalma, na yi alwala da ruwan gora na yi azahar, sannan na koma bakin shinge ina duba masu shigowa. Can sai ga Boeta, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, yana tafe da wani yaro ɗan ƙungiyarsu da tayarsa ta yi faci sau biyu a hanya, ya tsaya ya taya shi gyara. Ya tambaye ni yadda Suikerbossie ta yi da ni, na ba shi labarin jijiya da mutumin da ya tura ni. Ya ce gobe in hau keke a hankali na rabin awa, kada in kwanta, in ba haka ba matakalar masallaci za ta gagare ni ranar Talata.

Saƙo ya shigo wayata da lokacina a rubuce, wanda da shi za a sa ni a rukuni in na sake shiga. Muka huta har ƙafafu suka yarda, sannan muka tura kekunan muka fita daga cunkoson. An riga an fara buɗe titunan cikin gari, motoci sun dawo. Muka koma gefen kwalta, Boeta a gaba, yaron a tsakiya, ni a baya, muka kama hanyar Salt River.